Littafin Kanta

Shekara goma sha tara ina bayan kanta
a wani caji ofis tsakanin Fagge da Wapa.
Ni ne Kofur Ɗanliti, mai biro da littafi.
Duk wanda aka kawo, ta hannuna yake wucewa:
sunansa, sa'ar zuwansa, abin da ke aljihunsa.

Shugabanni na gani birjik,
amma biyu ne ke hana ni barci.

Na farko Yallaɓai Barde.
Tagarsa kullum a rufe, labule har ƙasa.
A fareti yakan ce mana:
"Garin nan daji ne, ku ke da bindiga.
Wanda ya gaishe ku, akwai abin da yake ɓoyewa."
Bai taɓa cewa mu daki kowa ba,
bai taɓa cewa mu karɓi ko sisi ba,
sai dai ran Juma'a ya tambaya, "Yaya hanya?"
Mu kuwa mun san hanyar da yake nufi.

Muka ari fuskarsa, muka fita da ita titi.
'Yan adaidaita sahu suka koyi sauya layi
da zarar sun hango hularmu.
Mai shayin bakin ƙofa ya daina rubuta bashinmu,
ba don ya yafe ba.
A bango an rubuta BELI KYAUTA NE.
Fentin ya fi mu kunya,
shi ya yi ta ɓarewa yana zuba ƙasa.

Sai aka kawo Yallaɓai Nakande,
gajere, mai gyambon ciki, da fulas ɗin kununsa.
Ranar farko bai nemi kujerarsa ba.
Bayan kanta ya nufa, ya tambayi kowa sunansa,
ya ɗebi ruwan randar tsararru, ya kurɓa,
ya daɗe da shi a baki kafin ya haɗiye.
Bai ce komai ba. Ni kawai ya kalla.
Daren nan da hannuna na wanke randar.

Ba waliyyi ba ne.
Yana da faɗa kamar barkonon tsohuwa,
sau biyu ya soke mini hutu a kan kuskuren kwanan wata.
Amma ranar da aka ritsa da yaro a titin Bairut,
an ce ya fizgi waya, ga taya ga fetur,
ya ajiye bindiga a tebur, ya ratsa taron da ƙafa,
ya riƙe wuyan hannun yaron:
"Doka ta karɓe shi. Mai ƙara ya biyo ni."
Muka bi bayansa, gwiwoyinmu na rawa.

Da aka kama ɗan surukinsa da ƙwaya,
waya ta yi ta kuka har ta gaji.
"Kofur," ya ce, "rubuta shi."
Na rubuta.

Wata rana mai kayan miya ta shigo da kanta,
ta faɗi kangon da 'yan daba ke ɓoye wuƙaƙe.
Ba wanda ya tambaye ta.
Taga ce kawai ta gani a buɗe.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya:
kulkin nan shi ne na da,
ankwar nan ita ce, hannun nan ma shi ne.
In na buɗe littafin baya,
shafin Barde da shafin Nakande
duk rubutuna ne, tawada ɗaya.
To ni wane ne a cikinsu?
Ruwa ne ni, da ke ɗaukar siffar tulu?

Wata goma sha huɗu ya yi, aka ɗauke shi.
Sabo zai zo ran Litinin.
Muna ta shafa wa duwatsun ƙofa farar ƙasa,
ba mai kallon ɗan'uwansa,
kowa na satar kallon tagar nan.

Ni dai na cika randa tun asuba,
kafin in san wanda zai zo.